Me tsuntsaye da furanni suke nufi a zanen bugun katako na Japan?

Maryam ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske a kan wani reshe na zanen gargajiya na ƙasar Japan, wanda ake sassaƙawa a jikin katako, a shafa masa launi, a buga a takarda, musamman irin wanda ba a sa mutum a cikinsa, sai tsuntsu da fure kawai. Na duba da yawa daga cikinsu a shafukan intanet na gidajen adana kayan tarihi, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ba kowane tsuntsu ake haɗawa da kowane fure ba. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu da kusan kullum a kan reshen itacen ume ake ganinsa, dinyoyin daji kuma tare da cikakken wata suke zuwa, gwara tana kan gora, wasu agwagi masu ado kuwa bibbiyu ake zana su a cikin ruwan sanyi. Yawan maimaita wannan haɗi a hannun masu zane daban-daban ya sa na fahimci cewa akwai wata ƙa'ida da suke bi.

Da na nemi bayani, sai na tarar da jerin ma'anoni barkatai, wannan ya ce fure kaza soyayya yake nufi, wancan ya ce mutuwa yake nufi, kuma babu mai faɗin inda ya samo maganarsa. Shi ya sa nake tambaya: shin ma'anar kowane tsuntsu da kowane fure a kafe take, ta yadda mutum zai iya haddace ta ya riƙa fassara hotunan da ita? Idan haka ne, daga ina ta samo asali? Sannan ina so in san ko talakan birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, da ya sayi irin wannan takarda ya san waɗannan ma'anoni, ko kuwa ilimi ne na fadawa da mawaƙa kaɗai. Allah ya saka da alheri.

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Maryam. Kin lura da abin da ya kamata a lura da shi, domin haɗin nan shi ne ƙashin bayan al'amarin. Sunan wannan reshe kacho-e, wato zanen fure da tsuntsu, ko da yake ƙwari da kifi da kwaɗi ma suna shiga ciki, kuma yana daga cikin babban gidan zanen ukiyo-e, wato zane da bugun katako na rayuwar yau da kullum, da ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da zuriyar Tokugawa take mulkin ƙasar daga birnin da yau ake kira Tokiyo. A ganina, abu na farko da irin wannan hoto yake faɗa wa mutumin wancan zamani shi ne lokaci. Kafin ya yi tunanin soyayya ko arziki ko mutuwa, da ya ga tsuntsun da furen ya san watan da ake ciki, ya san ko sanyi ne ko zafi, kuma ya san irin halin zuciyar da waƙoƙin ƙasarsa suka ɗora wa wannan wata tun ɗaruruwan shekaru.

Tushen abin a waƙa yake. Kundin waƙoƙin fada da ake kira Kokinshu, wanda aka tattara wajen shekarar 905, ya ware littattafansa shida na farko ga lokutan shekara huɗu, biyu ga lokacin tohon itatuwa, ɗaya ga lokacin zafi, biyu ga kaka, ɗaya ga hunturu, kuma aka jera waƙoƙin bisa yadda abubuwa suke bin juna a cikin shekara. Daga nan al'adar ta kafu har ta zama doka a gajerun waƙoƙin haiku, inda ake so kowace waƙa ta ɗauki kalma ɗaya mai nuna lokaci. Masu zane sun gaji wannan taska ce, suka mayar da ita hoto. Kwatankwacinsa a wurinmu shi ne shamuwa: wanda ya tashi a ƙasar Hausa, da ya gan ta a kan itace ba ya bukatar a gaya masa damina ta kusa, kuma tare da ganinta tunanin shuka da gyaran gona yake zuwar masa.

Ɗan tsuntsun da kika gani a kan ume sunansa uguisu. Itacen ume yana fure wajen watan Fabrairu, tun bai fitar da ganye ba, wani lokaci ma da dusar ƙanƙara a kan rassansa, kuma a tsohuwar kalandar wata da Japan ta yi amfani da ita har zuwa ƙarshen 1872, wannan lokaci ya yi daidai da shigowar sabuwar shekara. Shi kuma uguisu kukansa na farko ne albishir ɗin fitar hunturu. Saboda haka haɗuwarsu tana nufin farkon shekara da juriyar abin da ya yi fure a cikin sanyi. Darajar ume ta girmi ta sakura, wato furen itacen cherry, a adabinsu, domin a tsohon kundin Man'yoshu na ƙarni na 8, waƙoƙin da suka ambaci ume sun haura 100, na sakura kuwa wajen 40 ne. Akwai kuma labarin Sugawara no Michizane, malami kuma babban bafade da aka kora zuwa Dazaifu a 901, wanda ya yi wa itacen ume na gidansa waƙar bankwana, shi ya sa har yau ake dasa ume a wuraren da ake tunawa da shi, kuma furen ya ɗauki ƙamshin ilimi da amana. Sunan zamanin sarautar da aka shiga a 2019, Reiwa, daga gabatarwar wasu waƙoƙin ume na cikin Man'yoshu aka ciro shi.

Dinyoyin daji na kaka ne, domin a lokacin suke isowa Japan daga arewa, kuma watan da ya cika a tsakiyar kaka shi ne wanda mutanen ƙasar suke fita kallo. Amma akwai ƙarin ma'ana da ta zo daga ƙasar Sin. Su Wu jakada ne na daular Han da makiyayan arewa suka tsare shekara 19, kuma labari ya nuna cewa an ceto shi ne bayan an yi iƙirarin cewa sarki ya harbo wata dinya da wasiƙarsa ɗaure a ƙafarta. Tun daga nan dinya ta zama manzon wanda yake nesa da gida. Utagawa Hiroshige, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858, yana da wani dogon hoto siriri na dinyoyi uku suna gangarowa ta gaban cikakken wata, da ɗan baiti a gefe yana tambaya ko za a sake samun dare irin wannan. Hoton ya shahara har hukumar gidan waya ta Japan ta buga shi a jikin kan sarki na wasiƙa a 1949. Ki lura, baitin ne ya karkatar da hoton zuwa ga tunanin daren da ba zai dawo ba, domin da wani baiti aka rubuta, da dinyoyin nan za su iya zama na kewar masoyi ko na jiran saƙo.

Haka abin yake ga hototogisu, tsuntsun da yake isowa wajen watan Mayu, mai kuka har cikin dare. Mawaƙan fada sukan kwana a farke don su ji kukansa na farko, saboda haka ya zama alamar shigowar zafi da ta bege, kuma saboda cikin bakinsa ja ne aka ce har jini yake tofarwa don tsananin kuka. Hiroshige ya zana shi yana ratsa sararin sama mai hadari a kan kogin Sumida a jerin hotunansa na shahararrun wuraren Edo.

Game da talaka kuwa, hujjata ita ce kartar hanafuda, wadda ta bazu a ƙarshen zamanin Edo, har a wuraren caca. An kasa ta gida 12, kowane wata da shukarsa: watan farko itacen matsu da tsuntsun tsuru, na biyu ume da uguisu, na huɗu furen fuji da hototogisu, na shida furen botan da malam-buɗe-littafi, na takwas ciyawar susuki da wata da dinyoyi. Kamfanin Nintendo ma da buga wannan karta ya fara a Kiyoto a 1889. Ilimin da ya kai ga hannun 'yan karta ai ba na fadawa kaɗai ba ne.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, na yarda da kai a kan maganar lokaci da waƙa, amma ina ganin ya kamata a gaya wa Maryam cewa akwai wani rukuni da ma'anarsa take kusan a kafe, wanda ba ya jiran baiti ya fassara shi. Wannan shi ne rukunin alamomin fatan alheri, kuma yawancinsa daga ƙasar Sin ya ƙetaro. Zanen fure da tsuntsu ya kai ƙololuwarsa a can a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, har sarki Huizong da kansa ya yi suna wajen zana tsuntsaye. Japan ta daɗe tana karɓar wannan salo a jikin allunan raba ɗaki da ƙofofin fadoji, sannan a 1731 wani mai zane ɗan Sin, Shen Nanpin, ya sauka a Nagasaki ya zauna kusan shekara biyu yana koyarwa, kuma salonsa na zana gashin tsuntsu dalla-dalla da launi mai haske ya bazu har Edo. Masu bugun katako sun ɗauki abin da a da sai a gidan mai mulki ake gani, suka sauko da shi kasuwa.

Ƙanwata Maryam, ɗauki tsuru a matsayin misali. Dangin gauraka ne, fari mai baƙin wuya da jan tabo a tsakar ka, kuma mutanen Japan suna da karin magana cewa tsuru shekara dubu yake yi, kunkuru kuma dubu goma. Duk inda kika gan shi tare da itacen matsu, wanda ganyensa ba ya bushewa ko a tsakiyar hunturu, ko tare da fitowar jar rana, fatan tsawon rai ake yi, kuma babu mai sayen hoton da zai fahimci wani abu daban. Da yake namiji da mace sukan daɗe tare, ana sa shi a kayan aure ma. Yana kuma da alaƙa da mulki, domin shugabannin Tokugawa sukan fita farautarsa da shaho a lokacin sanyi a filayen Mikawashima, su aika wa sarki a Kiyoto da wanda aka kama, kuma wannan wuri ne Hiroshige ya zana da tsuru biyu, ɗaya yana saukowa daga sama, ɗaya yana tsaye a fadama. Abin tausayi, bayan zamanin Edo farauta da cinye fadamu sun kusa ƙarar da shi a ƙasar, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1924 aka gano 'yan kaɗan a fadamar Kushiro da ke tsibirin Hokkaido.

Agwagin da kika gani bibbiyu su ne oshidori, kuma alamar zaman aure mai daɗi ce, har a yau idan miji da mata ba sa rabuwa ana kiransu da sunan wannan tsuntsu. Ana zana su a ruwan hunturu, wani lokaci ƙarƙashin reshe mai dusar ƙanƙara, don a nuna haƙurin zama tare a cikin wuya. Masana tsuntsaye sun nuna cewa a daji namijin yakan bar macen bayan ta kwanta a kan ƙwai, amma wannan bai taɓa rage wa alamar ƙarfi ba, tunda abin da ido ya saba gani a tafki shi ne su biyu suna iyo kafaɗa da kafaɗa. Furen botan, mai girma da ninkin ganye, shi ake kira sarkin furanni, yana nufin dukiya da daraja, shi ya sa ake haɗa shi da ɗawisu ko da zaki. Shaho na mayaƙa ne, alamar ƙarfi da kaifin ido, kuma yana cikin abubuwa uku da ake so mutum ya yi mafarkinsu a farkon shekara, bayan dutsen Fuji kuma kafin gauta. Matsu da gora da ume kuwa, idan suka haɗu su uku, su ne aminan hunturu, tunda dukkansu sanyi ba ya karya su.

Furen kiku ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zai fi ruɗa mai kallo na yau. Wanda ya je Japan yanzu zai ga farin kiku a wurin jana'iza da maƙabarta, sai ya ɗauka mutuwa yake nufi a ko'ina. A hotunan Edo kuwa furen kaka ne na tsawon rai, ana yi masa biki ranar 9 ga watan 9, kuma shi ne tambarin gidan sarautar ƙasar mai ganye 16, wanda makamancinsa yake jikin fasfo ɗinsu. Irin waɗannan alamomi sun fi yawa a cikin surimono, wato hotuna na musamman da ƙungiyoyin mawaƙa suke biya a buga musu kaɗan, da takarda mai tsada da garin ƙarfe mai ƙyalli, su raba wa abokai a sabuwar shekara. Wanda zai aika wa amini gaisuwar shekara ba zai zaɓi alamar da za a yi gardama a kan ma'anarta ba.

Nuhu ya amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya gafarta Malam, ku ba ni dama in ƙara wani ɓangare a matsayina na mai sha'awar aikin hannun kansa. Ina tsoron kada Maryam ta fita daga nan da tunanin cewa kowane gashin tsuntsu yana ɓoye da wani saƙo. Wani kaso mai yawa na waɗannan hotuna an yi shi ne saboda mutanen Edo suna matuƙar son shuke-shuke da tsuntsaye don kansu. Zamani ne da ake gasar renon furen asagao, wanda yake buɗewa da asuba ya yanƙwane kafin rana ta take, har aka samar da nau'o'insa masu siffofi na ban mamaki a farkon ƙarni na 19. Akwai gidajen shan shayi da suke ajiye ɗawisu da tsuntsayen ƙasashen waje a keji don jawo masu ciniki, kuma jiragen 'yan kasuwar Holan da na Sin suna shigo da tsuntsayen waje ta Nagasaki. Katsushika Hokusai yana da hoton kanari tare da furen shakuyaku, alhali kanari baƙo ne da ba shi da gurbi a tsofaffin waƙoƙin fada. Wanda ya saye shi, sabon abu mai kyau ya saya.

Kitagawa Utamaro, wanda aka fi sani da zanen mata, ya fitar da littafin ƙwari a 1788 da na tsuntsaye wajen 1790, a hannun mai ɗab'i Tsutaya Juzaburo. Baitocin da ke ciki na raha ne da zolayar soyayya, amma zanen kansa na wanda ya zauna ya ƙura wa halitta ido ne. Shi kuwa Hokusai, wanda aka haifa a 1760, ya haura shekara 70 lokacin da ya yi jerin manyan furanninsa wajen 1833 zuwa 1834, kuma bai sa baiti a cikinsu ba. Ki dubi wanda iska take kaɗa furen botan, malam-buɗe-littafi yana fama da ita fukafukansa a karkace. Idan kika ce hoton dukiya da daraja yake nufi ba ki yi ƙarya ba, amma abin da mai zanen ya sa ƙarfinsa a kai shi ne iskar, wadda ba a ganinta sai a jikin abin da ta taɓa. A jerin ƙananan furanninsa kuma akwai tsuntsun uso da ya rataya kansa a ƙasa a reshen sakura mai zubowa, a gaban shuɗi mai zurfi, kuma wannan tsayuwa ta wanda ya san cewa tsuntsun yana cin tohon furen sakura ce.

Yana da kyau a san cewa hoto ɗaya aikin mutum huɗu ne. Mai ɗab'i shi yake zuba jari ya zaɓi abin da kasuwa take so, mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kife a kan katakon itacen sakura na daji ya sassaƙe, sannan mai bugu ya shafa launi da ɗan gam na shinkafa, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Kowane launi da katakonsa, kuma wasu 'yan tsage biyu a gefen katakon ne suke sa takardar ta faɗa daidai a kowane bugu. Cikakken bugu mai launuka da yawa ya kankama ne a 1765 a hannun Suzuki Harunobu. Dabaru biyu sun fi yi wa zanen tsuntsu amfani. Ta farko ita ce jiƙa katako a shafa launi ta yadda zai tashi daga mai duhu ya narke zuwa fari, kuma da ita ake nuna magariba ko zurfin ruwa ko sanyin dare. Ta biyu ita ce buga katako ba tare da launi ba, da ƙarfi, har takardar ta yi tudu da kwari, ta yadda gashin farin zalɓe ko ganyen farin fure zai fito idan haske ya bugi takardar ta gefe. Wannan ba ya fitowa sosai a allon waya, kuma babban rashi ne ga mu da muke kallo daga nesa. Shuɗin nan mai ƙarfi kuma na Turai ne, wanda aka fara haɗawa a birnin Balin na Jamus, ya yi arha a Japan wajen 1830, daidai lokacin da Hokusai da Hiroshige suka duƙufa a kan wannan reshe.

Farashin takarda ɗaya ta kasuwa bai wuce kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliyar soba ba. Mutumin da yake zaune a ɗan ɗakin haya, ba shi da lambu ba shi da allon zane mai ruwan zinariya, yana iya manna siririn hoto a jikin ginshiƙi ko bango, ya canza shi idan lokaci ya juya, kamar yadda masu hali suke canza zanen da suke ratayewa a ɗakin baƙi.

Maryam ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya, da Yaya Nuhu. Yanzu na gane cewa akwai alamomin da suka kafu, akwai waɗanda baiti yake juyawa, akwai kuma hotunan da kallon halitta ne ya haife su. Saura abu biyu da suke damuna. Na karanta a wurare da yawa cewa furen tsubaki alamar mugun abu ne, wai mayaƙa suna ƙinsa saboda yana faɗuwa gaba ɗaya kamar kan da aka sare, amma kuma na ga Hiroshige ya zana shi da gwara a cikin dusar ƙanƙara, hoton kuma babu alamar baƙin ciki a cikinsa. Sannan hotunan da suka fi burge ni na Ohara Koson ne, musamman hankaka a kan reshe da fararen zalɓe a cikin ruwan sama. Shin da ma'aunin Edo za a karanta su?

Malam Habibu ya sake amsawa:

Malama Maryam, idonki ya fi waɗancan rubuce-rubuce gaskiya a kan tsubaki. Gaskiya ne furen yana faɗuwa dungurungum, ba ganye-ganye ba, kuma har yau mutanen Japan da yawa ba sa kai wa marar lafiya shi. Amma a zamanin Edo manyan mayaƙa suna cikin masu renonsa, Tokugawa Hidetada, shugaba na biyu a zuriyar, ya yi suna da son sa, kuma a ƙarni na 17 an yi littattafan zanen nau'o'insa. A hoton Hiroshige, jan fure ne da ya buɗe a cikin farin sanyi, da gwara da ta kumbura gashinta, kuma abin da suke faɗa shi ne rai yana nan a ƙarshen hunturu. Yawancin jerin da kike gani a intanet, masu cewa ja kaza yake nufi fari kaza yake nufi, daga al'adar harshen furanni ta Turai suka samo asali, wadda ta shiga Japan bayan 1868 a zamanin Meiji. Auna Hokusai da Hiroshige da ita kuskure ne na tarihi, tunda dukkansu sun mutu kafin ta iso.

Ko sakura ma ma'anarsa ta yi tafiya da zamani. Gajeren ran furen, wanda ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, ya daɗe yana tuna wa mawaƙa cewa duniya ba matabbata ba ce. Amma ga mutumin Edo furen shagali ne kuma, musamman bayan Tokugawa Yoshimune ya sa an dasa itatuwansa a tudun Asukayama a 1720 don jama'a su riƙa fita kallo, kuma a unguwar Yoshiwara ta mata masu zaman kansu akan dasa itatuwan a tsakiyar titi idan lokacin furensu ya yi, a tuge su idan ya wuce. Ɗaura shi da mutuwar soja a fagen fama ya yi ƙarfi ne daga baya, ya kai maƙura a Yaƙin Duniya na Biyu. Haka nan za ki lura cewa tsuntsun da aka fi gani a zahiri yana shan ruwan furen ume shi ne mejiro, kore mai farin zobe a ido, shi kuwa uguisu launinsa ya fi kusa da ƙasa-ƙasa kuma a cikin duhuwa yake ɓuya, amma waƙa ta riga ta ɗaura shi da ume, masu zane kuma suka bi waƙa.

Koson kuwa na wani zamani ne. An haife shi a Kanazawa a 1877 ya mutu a 1945, kuma kafin shi Kono Bairei da Imao Keinen sun fitar da littattafan zanen tsuntsaye a 1881 da 1891, inda bin siffar halitta ya ƙara rinjaye. Daga 1926 ya yi aiki da mai ɗab'i Watanabe Shozaburo da sunan Shoson, kuma mafi yawan hotunansa Amurka da Turai aka sayar da su, ga mutanen da ba sa karanta baitin Japan, shi ya sa da wuya ki ga waƙa a jikinsu. Tsohon haɗin yana nan, dinya da wata, gwara da gora, zalɓe da itacen yanagi, amma nauyin ya koma kan yanayi da haske. Hankakansa yana da magabaci a waƙar Matsuo Basho ta ƙarni na 17, wadda ta ajiye hankaka a kan busasshen reshe da magaribar kaka, kuma ɗan Japan zai tuna da ita, mai saye a Boston ta Amurka kuwa baƙi a kan fari yake gani, kuma hoton ya ishe shi a haka. Sunansa ya daɗe ya fi tashe a waje fiye da gida, kuma baje kolin da gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya yi masa a 2001 ya taimaka wajen dawo da shi idon duniya.

Idan kina son ki ci gaba, gidan tarihi na makarantar zane ta Rhode Island a Amurka yana riƙe da tarin Abby Aldrich Rockefeller, hotunan fure da tsuntsu sama da 700, kuma gidajen tarihi na Boston da na Birtaniya sun sa nasu a intanet, wasu har da fassarar baitocin. Ki fara duba shekarar bugu, domin ita za ta gaya miki ko kafin 1868 ne ko bayanta, sannan ki gano lokacin shekarar da furen yake nunawa, sannan ki karanta baitin idan akwai shi, kafin ki nemi wata ma'ana ta daban.